Amsa ga Yaya game da karatun Auta a Jamus

Yaya, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso ta bakin Inna, cewa a gida ana ta yaɗa wai Auta ta koma waƙar coci, kuma kana tambaya ko akwai sauran Hausanci a gidanmu. Shekara ashirin da shida a bakin kogin Rhine ba su mantar da ni cewa kai ne babba ba, saboda haka zan yi maka bayani filla-filla.

Abin da 'yarka take yi bincike ne kan tarihin waƙa a jami'a, kuma wadda take nazarinta mace ce mai suna Hildegard ta Bingen, garin da bai kai tafiyar awa guda daga wurinmu ba. An haife ta a 1098, aka ba da ita ga gidan zuhudu tun tana ƙarama, ta zama shugabar matan wurin a 1136, sannan wajen 1150 ta kwashe su daga hannun 'yan zuhudu maza na Disibodenberg ta kafa musu gidansu a Rupertsberg, alhali shugaban mazan bai so ba. A wancan zamani ba a sa mace cikin mawaƙan babbar majami'a, domin ana kafa hujja da maganar Bulus a littafin Kiristoci cewa mata su yi shiru a taron ibada, amma a bayan katangar gidajensu su ne ke rera Zabura da Latin, sau bakwai da rana, sau ɗaya cikin dare. Ita kuwa ba ta tsaya kan abin da ta gada ba, ta tsara nata waƙoƙin fiye da saba'in, har da wani wasa da kowa yake rerawa a cikinsa ban da Shaiɗan, wanda ta hana shi kari, sai ihu kawai. Babban kundin da ya adana su yana Wiesbaden, nauyinsa kusan kilo 15. Na sha ganin Auta da hotunan shafukansa baje a kan tebur, ina tuƙa tuwo tana bin ɗige-ɗigen da ke nuna karin waƙar da yatsa, ta miƙe ta yi la'asar ta dawo ta ci gaba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1178. Shugabannin cocin Mainz sun hana gidanta rera waƙar ibada saboda ta ƙi tono gawar wani mutum da suka ce an kore shi daga coci, ita kuma ta ce ya tuba kafin ya mutu. Tana da shekara tamanin ta rubuta musu takarda mai zafi, aka janye hukuncin a 1179, watanni kaɗan kafin mutuwarta.

A nan ne nake saɓawa da Auta da ƙawayenta, masu son su mai da Hildegard uwar fafutukar 'yancin mata. Matar da kanta takan kira kanta miskiniya mai rauni, ba ta taɓa neman a ba mata limanci ba, kuma 'ya'yan masu sarauta kaɗai take ɗauka. Da wata shugabar mata ta yi mata gori a kan haka, cewa ta yi ba a haɗa shanu da jakai da tumaki da awaki a garke ɗaya. Wadda ta fito fili ta kare darajar mata da hujja ita ce Christine de Pizan a Faransa, wajen 1405. Hildegard a cikin addininta ta nemo muryarta, kuma wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da ni da kai mun tashi muna jin Kaka tana kaɗi tana rera waƙoƙin Nana Asma'u da ta koya a wurin 'yan taru.

Na san asalin ƙorafin auren Babangida ne da Bajamushiya, waƙa dai an fake da ita ne. An ɗaura shi a masallaci da sadaki da shaidu, matar takan durƙusa ta gaishe ni, yaransu kuma da "na'am" suke amsa kira, ko da yake Hausarsu tana ɗingishi, wannan ba zan ɓoye ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne babu wanda ya ɗaga waya ya tambayi Auta da bakinta. Tana nan zuwa da babbar salla in Allah ya kai mu, sai ka zaunar da ita ka tambaye ta da Hausa, kuma don Allah a ba ta daddawa da kuka ta taho mini da su.