Ga mai tambayar inda zai koyi gyaran tsofaffin gine-gine: kada ka ƙara wa katangar nan siminti

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta taɓa ni, don da yawanmu a nan ta wannan ramin muka bi. Ka ce ka gama difloma a fannin gini, an damƙa maka wata tsohuwar katangar ƙasa, kun yi mata shafen siminti, damina ɗaya ya kumbura ya fara ɓallewa, yanzu kana tunanin ko ka nemi digiri na biyu kan adana gine-ginen tarihi, ko ka yi kwas ɗin intanet mai satifiket. Karatun yana da amfani, zan zo kansa. Amma katangar nan ba za ta jira ka gama digiri ba, kuma ba laifinka ba ne da ba ka san abin da ke cin ta ba. Duk karatun ginin da aka ba mu a kan bulo da rodi da kankare aka tsara shi. Mutum ya gama makaranta tsaf bai taɓa kwaɓa ƙasa ba.

Ruwa za ka fara koya. Ginin ƙasa, haka ma tsohon ginin dutse ko jan bulo da aka ɗaure da farar ƙasa, yana tsotsar danshi ta tushe ya fitar da shi ta fuskar bango, iska ta kwashe. Muddin abin da ke fita ya kai abin da ke shiga, bangon zai shekara ɗaruruwa a tsaye. Siminti yana toshe mafitar. Kuma ba ya motsi tare da ƙasa: ita tana kumbura da damina ta takure da rani, shi yana tsaye ƙiƙam, sai ya yi ƙananan tsaga. Ruwan sama ya shiga ta tsagar ya rasa ta inda zai fita. Danshin da a da yake tsayawa can ƙasa sai ya yi ta hawa har inda simintin ya ƙare. Gishiri da kanwar da ruwan ya ɗauko suna taruwa a wurin da yake bushewa, su daskare, su mayar da ƙasar gari. Shi ya sa za ka ga gindin bango ya zaizaye ya yi kogo alhali samansa lafiya lau.

Wallahi babu abin da ke ƙona mini rai a sana'ar nan kamar ranar ɓamɓare irin wannan shafe. Daga waje bango sumul, har da fenti mai sheƙi. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar guduma ka ji yana amo kamar ganga. Ka sa ƙarfe ka ɓamɓaro faifai guda, sai wari ya buge ka. Abin da ke baya ba tubali ba ne kuma, laka ce baƙa mai sanyi, gara ta yi hanyoyinta a ciki, hannunka ya nutse har gwiwar hannu ba ka taɓa abu mai tauri ba. Bakin azarar da ke cikin bangon ya ruɓe, kana murza shi yana zuba. Abin da ya fi ciwo, zanen da wani magini ya fitar da yatsunsa a kan ɗanyen yaɓe, wanda ba a san sunansa ba kuma ba zai dawo ya sake ba, ya manne a bayan simintin ya taho tare da shi gutsi-gutsi. Babu mai iya mayar da shi. Su kuwa waɗanda suka ba da umarnin aikin an biya su, sun yi hoto a gaban bangon yana sabo, sun tafi. Kuma kusan kullum za ka tarar akwai wani tsohon magini da ya ce kada a yi, aka ce masa ya yi shiru tunda ba shi da takarda. An saurari wanda ya je bitar kwana uku a otal ya dawo da satifiket mai tambari, an bar wanda ya gaji aikin daga uba da kaka a tsaye bakin ƙofa. Idan bangon ya faɗi sai a ce ai dama ginin ƙasa ba ya daɗewa. Wannan ƙaryar ce take hana ni barci, don da ita ake fakewa a rushe saura.

To ga abin da za ka yi da katangarka. Kada ka cire simintin gaba ɗaya rana guda, wani lokaci shi kaɗai ke riƙe da bangon. Jira damina ta ɗauke. Tokare bangon da katako ta ɓangarorin biyu, sannan ka riƙa cirewa gaɓa-gaɓa, kada kowace gaɓa ta wuce mita ɗaya, kana tsallake ɗaya kana buɗe ɗaya. Bar inda ka buɗe ya sha iska makonni, bango mai kauri ma watanni yake ɗauka. Kogon gindin kada ka cusa masa ɗanyar laka, za ta bushe ta takure ta bar rata a sama, nauyin bangon bai sauka a kanta ba. Kankare ruɓaɓɓen har ka iske ƙasa mai ƙarfi, ka daidaita wurin ya yi kusurwa, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka jera busasshen tubali da siririyar laka, na ƙarshen ka buga shi ya matse. Sai wannan gaɓar ta bushe za ka taɓa maƙwabciyarta.

Kafin duk wannan ma, hau soro. Yawancin bangon da ke faɗuwa daga sama matsalarsa take farawa: indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ko ya yi gajere yana zubar da ruwa a jikin bango. Ya kamata ya fito aƙalla rabin mita, ƙarƙashinsa a shimfiɗa duwatsu don kada ruwa ya fantsamo gindi. Ƙasar da ke kewaye ta gangara nesa da bango. Idan an yi daɓen kankare har jikin katangar, fasa shi ka bar rata, don shi ma yana tura danshi cikin bangon. Ka kuma duba kaurin rufin. Yaɓe kan yaɓe shekara da shekaru nauyi ne, ita kuwa azara ita kaɗai ba ta son ta wuce ƙafa shida tsakanin madogara biyu. Ko a babban masallacin Jenne na Mali, wanda aka sake ginawa a 1907 kuma mutanen gari ke yaɓe shi duk shekara, sai da aka kwashe tarin tsohon yaɓe daga rufinsa lokacin babban gyaran da aka yi masa, saboda nauyi.

Ƙasar yaɓe kuma gwada ta ake yi. Zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kwalba, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausan turɓaya ta biyo baya, yumɓu sai ya kwana ko fiye. Auna kowane layi da rula. Sannan murza laka ta yi kaurin santimita 3, ka riƙa tura ta a hankali ta bakin tebur: ta karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa, ta wuce 15 ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, za ta tsattsage. Mafi muhimmanci, yi gwaji a jikin bangon kansa, faci huɗu masu faɗin kamar santimita 40, kauri bai wuce 2 ba: ƙasa ɗaya yashi ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku, ɗaya da huɗu. Bar su su bushe. Wanda ya tsage ka bar shi, wanda ka shafa ya zubo gari ka bar shi, na tsakiyarsu shi ne naka. Ciyawar da za ka zuba a sare ta gajeru, a bar kwaɓin ya ruɓa kwanaki ana juyawa, kada a yaɓa shi ranar da aka kwaɓa. Idan ginin da makuba aka san shi, wato yaɓen da ake haɗawa da ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ita za ka mayar masa, idan laso ne, wato yaɓen gargajiya mai hana ruwa shiga, ka nemi wanda ya san yadda ake haɗa katsin marina da gashin awaki da dafara. Masu wannan sanin suna ƙarewa, kuma ba na jin akwai ajin da ake koyar da shi yadda hannu zai iya.

Don haka shawarata ta farko kan karatu: nemi tsohon magini ka bi shi aƙalla rani ɗaya da damina ɗaya. Ka ɗauki kwaɓi, ka miƙa tubali, kada ka je masa da diflomarka a goshi. Riƙe littafi kana rubuta ma'auninsa, don shi da ido da tafin hannu yake awo, kai ne za ka mayar da shi lamba. Da aka rusa hubbarorin waliyyai na Tumbuktu a 2012, maginan garin ne suka sake tayar da su zuwa 2015, da ilimin da suka gada. Da cocin Notre-Dame ta Faris ta ƙone a Afrilun 2019, sai da aka nemo kafintocin da suka iya sassaƙar katako da gatari kafin a mayar da rufinta, aka buɗe ta a Disambar 2024. Faransa ta same su ne saboda ba ta bar tsarin koyon sana'a a hannun maigida ya mutu ba.

Yanzu makaranta. Abin da za ta ba ka wanda magini ba zai ba ka ba shi ne sanin inda za ka tsaya. Karanta Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi, sashe 16 ne kacal, zama ɗaya ka gama. Ta ce a riƙa kula da gini a kai a kai, gyara ya tsaya inda zato ya fara, kada a kawo dabarar zamani sai ta gargajiya ta gaza kuma an tabbatar da ingancin sabuwar, sannan a rubuta duk abin da aka yi. Bayanta ka nemi jagorar horo da ICOMOS, ƙungiyar duniya ta masana adana gine-ginen tarihi, ta amince da ita a Kolambo ta ƙasar Sri Lanka a 1993. Abu na farko da ta ce mai wannan aiki ya iya shi ne karanta gini, ya gane darajarsa da tarihinsa kafin ya taɓa shi. Duka biyun suna intanet. ICCROM, cibiyar duniya ta nazarin adana kayan tarihi da ke birnin Rum, tana yin gajerun kwasa-kwasai, amma galibi waɗanda suke kan aiki take ɗauka, don haka tara hotuna da zanen ayyukanka tun yanzu. A fannin ginin ƙasa, cibiyar CRAterre ta Girenobul a Faransa, wadda aka kafa a 1979, ita ce kan gaba, sai dai karatunta na ƙwarewa da Faransanci ne. Akwai EPA, makarantar adana kayan tarihin Afirka, a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin tun 1998. Cibiyar Getty ta Amurka mai aikin adana kayan tarihi ma ta gudanar da kwas na wata guda kan ginin ƙasa a Al Ain ta Daular Larabawa a 2018. Duk digirin da za ka nema, tambaye su abu ɗaya: mako nawa ɗalibi ke yi a jikin gini na gaske? Idan suka fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Kwas ɗin intanet zai koya maka ƙa'idoji da tarihin fannin, ka yi shi da dare in kana da hali, amma kada ka ɗauka ya ba ka izinin taɓa bango.

Kada kuma ka zaci mu kaɗai wannan musiba ta samu. A farkon ƙarni na 20 an ɗaure duwatsun Fatinon, tsohon haikalin Girkawa da ke Atina, da ƙarfe, injiniyoyi masu ilimi ne suka yi. Ƙarfen ya yi tsatsa, ya kumbura, ya farfasa marmarar daga ciki. Tun 1975 ake warware wannan aiki ana sa titaniyam, wanda ba ya tsatsa, a madadinsa. Duk abin da za ka saka a tsohon gini ya zama ya fi na asalin laushi, kuma wanda zai zo bayanka ya iya cire shi ba tare da ɓarna ba.

Idan wata rana aka ba ka ginin dutse ko jan bulo, farar ƙasa za ka koya, wadda ake ƙona dutsenta a zafin kusan digiri 900. Ita ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kanta ba, tana tafasa tana fantsama, ka sa tabarau da safar hannu don tana makantarwa. A bar ta jiƙe aƙalla wata uku. Kashi ɗaya nata, uku na yashi mai kaifi. Kowane shafe kada ya wuce santimita ɗaya da rabi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, don a hankali take ƙarfi da iskar da take sha, rana da iska mai zafi suka busar da ita da wuri ta zama gari. Kuma kada wani ya ce ka ɗan ƙara siminti cokali guda don ta yi saurin kamawa. Za su ce maka haka, na rantse za su ce.

Tsaga kuma kada ka yi gaggawar cike ta. Ja layi da fensir a ƙarshenta, rubuta kwanan wata, auna faɗinta a wuri ɗaya duk wata har shekara ta zagayo. Wadda ke buɗewa da rani ta rufe da damina daban, wadda ke ƙaruwa kullum daban, ita wannan ta biyun tushe ne ke motsi, sai ka kira injiniyan da ya san tsohon gini.

Ka turo mana hotuna a nan: gindin katangar ciki da waje da rula a jingine, saman bangon, kowane indararo, da inda simintin ya ɓalle daga kusa. Faɗa mana kaurin bangon a ƙasa da a sama, da ko akwai famfo, kwata ko bishiya kusa da shi. Kafin nan ka tokare ta, ka hana yara wasa a gindinta, kuma ko wa ya matsa maka kada ka sake shafa mata komai.