Tambaya da Amsa: Giyar keken dutse za ta yi aiki a keken tsere?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Ina Agege da zama kuma da keke nake zuwa aiki Ikeja saboda go-sulo da tsadar kudin mota, keken tsere ne tokumbo mai giya 9 a baya, an rubuta Shimano Sora a jikin hannun birkin. To na fada rami lokacin ruwan sama sai abin canja giya na baya ya lankwashe, mai gyara yace bashi da irinsa amma yana da na keken dutse Deore da ya ciro daga wani gwanjo, wai duk daya ne. Wani abokina kuma yace karya ne na dutse baya shiga na tsere kudina kawai zan zubar. Wanne zan dauka? Daga mai karatu, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam dan uwa, Allah ya kiyaye gaba. Mai gyaranka da abokinka kowa ya kama wani bangare na gaskiya, abin da zai raba gardamar shine Deore din na giya nawa ne.

Shifta, wato abin da kake dannawa a hannu, duk dannawa daya waya take ja dan wani tsayi kayyadadde, ita kuma dirailar baya, wato abin canja giyan nan da ya lankwashe, sai ta matsar da sarka gefe daidai da abin da aka ja mata, to idan an kera su da lissafi daya sarka zata sauka cif a kan hakori na gaba, idan lissafin ya bambanta sai kaji karrr karrr tana tsallake giya ko tana makalewa a tsakani, kuma ko kwana mai gyara zai yi yana murda sukuru ba zata daidaita ba. Kamfanin Shimano, masu kera Sora da Deore, sun dade da lissafi daya a na tsere da na dutse, a ja waya milimita 1 diraila ta matsa kusan milimita 1.7, kuma haka yake a giya 6, 7, 8 da 9 in banda tsohon samfurinsu na tsere Dura-Ace na kafin 1997. Saboda haka Sora dinka zata tafi lafiya da Deore, Alivio, Acera ko Altus muddin na giya 9 ne ko kasa. Ita diraila ai bata san kirga ba, shifta ce mai kirgan.

Matsalar ta fara ne a 2010 da suka fito da giya 10 ta keken dutse mai suna Dyna-Sys suka canja lissafin, daga nan hanya ta rabu. Kafin ka bada ko naira daya ka juya dirailar ka duba bayanta akwai lamba a jiki. In kaga RD-M591 ko RD-M592 na 9 ce ka saya, in kaga RD-M610 ko RD-M6000 na 10 ce ka ajiye masa kayansa komai kyallinta. M592 din bata zuwa da dan abin murdawa na daidaita waya, sai an sa maka a jikin wayar, kada ya manta. Sannan ka sa ya duba dan karfen da dirailar take rataye a jiki, sau da yawa shi ne yake lankwashewa idan an fadi, in ba a mike shi ba ko sabuwa fil ka daura haka zata ci gaba da tsalle.

Riba daya da zaka samu, ta dutse doguwa ce tana daukar manyan hakora 32 ko 34, amma gaskiya daga Agege zuwa Ikeja wane dutse zaka hau, in hakoranka basu cinye ba ka barsu. Dirailar gaba kuwa kada ka bari a taba, a nan jan wayar na tsere da na dutse ba daya bane tun asali. In ma ta kamfanin SRAM aka kawo maka irin X5 ko X7 ba zata yi da Shimano ba, haka CUES din da Shimano suka fitar a 2023.

TAMBAYA: Malam ni kuma kan keken ne yake sa min ciwon baya, irin lankwasasshen nan, zan iya cirewa in sa mikakke da shiftar keken dutse? Daga Idi-Araba.

AMSA: Zaka iya Malam amma ba kan kadai zaka saya ba. Kaurin mikakken kai inda ake rikewa milimita 22.2 ne, na tsere 23.8, kenan shifta da hannun birki duka sai an canja. Giyar baya ba damuwa in Shimano ne mai 8 ko 9, ka dai sayi shifta mai adadin giyarka, ta gaba ce zata baka ciwon kai sai ka nemi wadda aka yi wa keken tsere mai mikakken kai, ko ka sa tsohuwar nan mara kas kas da ake turawa da yatsa har sarka ta zauna, ita bata zaben kamfani. Inda nafi so ka kula shine birki, hannun da aka yi wa V-brake, wato irin birkin keken dutse, yana jan waya da yawa, in ka hada shi da birkin keken tsere zaka ji shi da tauri kamar ya kama alhali karfinsa kadan ne, a titin da danfo ke tsayawa ba sigina wannan ba abin wasa bane. Kace a baka hannun birki mai gajeren ja, wasu ma suna da ramin waya biyu a ciki sai a sa a wanda ya dace.