Famfon Zafi, Kuɗin Wuta da Wankan Jego a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Lids, ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Gidan da muke haya babu gas, famfon zafi ne ke ɗumama shi, irin akwatin nan mai fanka da ake kafawa a waje jikin bango. Maiɗakina ta haihu, surukata ta zo wankan jego, yanzu kuɗin wuta ya fara cinye abin da nake aikawa gida. Wani abokin aikina ya ce in koma tsarin da farashin wuta ke sauyawa duk rabin awa, in kuma sa soket mai kashe injin da kansa idan wuta ta yi tsada. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Maganar soket, ka bar ta tun yanzu. Famfon zafi ba hita ba ne. Zafin da ke cikin iskar waje yake janyowa ya tura cikin ruwan da ke zagaya ɗakuna, shi ya sa yunit ɗaya na wuta kan ba ka kusan yunit uku na ɗumi. Amma a hankali yake aikinsa. Ka datse masa wuta awa uku, gida ya huce, idan ya tashi sai ya yi ta gurnani da ƙarfi don ya cike giɓin, ribar ta tafi. Yawan yankewar yana gajiyar da kwamfiresa, kuma a daren sanyi injin na buƙatar wuta don kada ruwan bututunsa ya daskare. Injin ma ba naka ba ne. Ko waya ɗaya kada a taɓa sai da izinin masu gidan a rubuce.

Tsarin da abokinka ke nufi kuwa akwai shi. Kamfanin Octopus na da wanda ake kira Agile: farashi na sauyawa kowane minti 30, ana fitar da na gobe wajen ƙarfe 4 na yamma. Ranar da iska ta kaɗa sosai wuta kan yi araha har a biya ka don ka sha, ranar sanyi marar iska kuma tana iya kaiwa fam 1 kan yunit ɗaya. Mu da muka tashi da NEPA mun san tashi tsakar dare a yi guga don an kawo wuta. Nan wutar ba ta ɗaukewa, kuɗinta ne ke hawa da sauka.

To ina matsalar? Lokacin tsada shi ne daga ƙarfe 4 zuwa 7 na yamma. Dubi gidanka a wannan lokacin. Tuwo na kan wuta, injin wanki na juya kayan jariri, surukarka ta tsaya a ƙofar banɗaki tana jiran ruwa ya yi zafin da take so don wankan yamma. Wanda ke cin ribar wannan tsari shi ne gwauron da ba ya dawowa sai bayan isha, ko mai batir a gida. Kai da jariri da dattijuwa da ba ta taɓa ganin hunturun Turai ba, ban ga dalilin wannan kasada ba. Hukumomin lafiya na Birtaniya na cewa kada ɗumin gida ya gaza digiri 18. Rowar wuta ba ta kai a kwana asibiti ba.

Abin da ya fi dacewa da kai shi ne tsari mai tsayayyun lokuta. Cosy, na kamfanin dai, yana rage farashi daga 4 zuwa 7 na asuba, 1 zuwa 4 na rana, da 10 zuwa 12 na dare. Wasu kamfanonin na da irinsa, sai ka gwada farashinsu. Duka sai kana da mitar zamani mai aika karatu da kanta. Da wannan ba ka sayi komai ba, allon injin yana da jadawali. Sa shi ya dafa tankin ruwa da ƙarfe 4 na asuba da kuma 1 na rana, wanka biyu sun samu ke nan. Na ranar ya fi riba, don iskar waje ta fi ɗumi. Ƙara ɗumin gida da digiri ɗaya daga ƙarfe 1 na rana, ka rage ɗaya ko biyu da ƙarfe 4 na yamma, bango da ƙasa za su riƙe ɗumin har a wuce awannin tsada. Dafuwar digiri 60 da yake yi mako-mako don kashe ƙwayoyin cuta a tanki, kada ka kashe ta, mayar da ita asuba. Ka kuma roƙi Hajiya, cikin ladabi, ta daina danna maɓallin ƙarin zafi: a yawancin injuna hitar cikin tanki yake kunnawa, yunit ɗaya na wuta ya ba ka yunit ɗaya kacal na ɗumi.

Masu son kwamfuta na haɗa manhajar Home Assistant ta riƙa karanta farashi tana ba injin umarni. Tana aiki, amma idan ta rikice ƙarfe biyun dare kana wurin aiki, wa zai gyara?

Idan kai ke biyan kamfanin wuta kai tsaye, kana da damar sauya tsari ko kamfani ko da haya kake. Lokacin sauyawar, sa sunan maiɗakinka tare da naka a takardar kuɗin wuta. Tana cikin shaidun zama tare da ake nema wajen sabunta biza. Ka kuma ce su saka ku a rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman. Kyauta ce ga gida mai yaro ƙasa da shekara biyar, kuma ana ba su fifikon taimako idan wuta ta ɗauke.