Lakar da ke shaƙe bututu

Jiya, bayan mun sha wuya kafin mu zaro bututu a wurin haƙar rijiyar burtsatse, ka tambaye ni me ya sa lakar nan mai ruwan toka take kumbura ta shaƙe rami, alhali farar da muka ratsa a wajen Gwandu ba ta wahalar da mu ba. To zauna ka ji, ɗana.

Nan da muke haƙa, daga Dange har Kalambaina, ƙarƙashin teku ne wajen shekara miliyan 60 da suka wuce. Ruwan ya biyo ta Mali da Nijar ya kwanta nan. Kar ka yi dariya. Ɗebi abin da ramin ke amayarwa ka wanke a tafin hannunka, wata rana za ka tsinci ɓawon katantanwa ko haƙorin kifi. Dutsen simintin Kalambaina ma a ruwan nan ya taru.

Ita laka ruɓaɓɓen dutse ce, kuma yanayin da ya ruɓar da shi ke zaɓar mata hali. Inda zafi da ruwan sama suka haɗu suka daɗe, ruwa kan wanke gishirin dutsen tas, sai a sami farar laka, wadda masana ke kira kawolin. Ita ba ruwanta da kumburi. Inda kuwa damina gajeruwa ce, rani dogo, gishirin ba ya wankuwa, sai a sami lakar da ake kira simektait, irin mai ruwan tokan nan da ta wahalar da mu. Wannan hawa-hawa take, ruwa na kutsawa tsakani ta buɗe kamar littafin da ya jiƙa. Koguna suka kwaso ta suka zube a teku. Akwai kuma wadda a cikin tekun ta haɗu, inda ba zurfi, rana na shanye ruwa, gishiri na ƙaruwa, sunanta paligoskait. Jifsam, dutsen nan mai ƙyalli da kake wasa da shi, shi ma shaidar ƙarancin ruwan sama ne.

Shi ya sa nake maka faɗa idan ka cakuɗa samfurin ƙasar da muke ɗiba daga ramin. Duk mita 3 leda guda, da zurfin a rubuce, don daga nan masani zai gane lokacin fari da na ruwa.

Bentonait da muke damawa ma dangin simektait ce, ka san yadda buhu ɗaya ke kaurara ruwa. Don haka in launin ya koma toka, kar ka tsayar da juyi, kar bututu ya kwana a rami, kuma kar ka sa rariya, wato bututun nan mai huda-huda da ruwa ke shiga, a wurin, don babu ruwa. Ratsa ta, sai ka ji yashi.