Birkin Mota Ba Ya Kamawa, Shugaba Ya Yi Shiru: Ina Zan Kai Ƙorafi?

Tambaya: Ni direba ne a wani kamfanin raba saƙonni da kaya. Birkin motar da nake tuƙawa ba ya kamawa sosai, kuma ana loda mana kwalaye masu nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sau biyu ina gaya wa shugaban sashenmu, bai ce uffan ba. Yaya zan kai ƙorafi ba tare da na rasa aikina ba?

Amsa: Malam, matsala biyu ka kawo, kuma gaggawarsu ba ɗaya ba ce. Birki maganar rai ce ta yau, ranka da na masu bin titi, don haka kada ka sake fita da wannan mota sai an gyara ta. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1981, ta tanadi a sashe na 13 cewa a kare ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda yana da ƙwaƙƙwaran dalilin ganin mummunan haɗari ya gabato, sashe na 19 kuma ya ɗora masa sanar da shugabansa nan take, ya hana a tilasta masa komawa muddin haɗarin yana nan. Sai dai dokar ƙasar da kake aiki ita ce za ta yi hukunci, saboda haka ka nemi sanin abin da ta ce.

Inda na ga rauni a lamarinka shi ne duk abin da ka yi da baki ka yi shi, maganar baki kuwa ba ta da wuyar musantawa ranar da aka yi haɗari. Ka rubuta. Ka sa kwanan wata, da lambar motar, da ainihin abin da birkin yake yi idan ka taka, da ranakun da ka yi magana a baya da wanda ka gaya wa. Ka guji zargi da zafin harshe, domin su ne ke bai wa shugabanni damar mayar da batun gyaran mota ya koma batun ladabi. Ka ajiye kwafi da hotuna a wayarka ko imel ɗinka, ba na kamfani ba, wanda za a iya rufe maka cikin dare ɗaya.

Batun nauyi kuma, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyaka idan komai na yanayin ɗaukar ya daidaita, kuma adadin yana raguwa idan ana murɗa jiki ko ana maimaita ɗauka. Ka nemi abin tura kaya ko mataimaki.

Idan takardarka ba ta sami amsa ba, sai jami'in kula da lafiyar ma'aikata na kamfanin ko wakilin ƙungiyarku, daga nan sai sufetocin ƙwadago na gwamnati. Kafin haka ka duba takardar ɗaukarka aiki, domin direbobi da yawa a wannan sana'a 'yan kwangila ne suka ɗauke su, ba kamfanin da sunansa ke jikin mota ba. Idan haka ne, ka aika wa duka biyun.

Tsoron kora ba tsoron banza ba ne. Idan an kore ka ko an rage maka aiki bayan ƙorafin, kada ka jinkirta, domin wa'adin shigar da ƙara yakan yi gajarta: a Amurka, alal misali, sashe na 11(c) na dokar kare lafiyar ma'aikata ta 1970 kwana 30 kacal ya ba da a kai kuka ga OSHA, hukumar gwamnati da ke sa ido kan kare lafiyar ma'aikata a wuraren aiki.