Shukata ta ado, Crassula, tana zubar da ganye, ina mafita?

'Yar'uwa, kin ce ganyen ya yi laushi yana zuba alhali kullum kina ba ta ruwa. To ai ruwan ne ya yi mata yawa. Ita da danginta irin su Echeveria da Kalanchoe a cikin ganyensu masu kauri suke adana ruwa, kuma da dare suke buɗe ƙofofin numfashinsu, da rana su rufe don kada danshi ya tsere. Ƙishirwa ba ta cika kashe su ba, jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ke ruɓar da saiwa.

Ki tuge ta a hankali, ki yanke saiwar da ta yi baƙi, ki bar ta a inuwa kwana 2 ko 3 yankan ya bushe. Sannan ki dasa ta a tukunya mai huda a gindi, cikin ƙasar da kika gauraya da yashi da tsakuwa. Kada ki ƙara ruwa sai kin tsoma yatsa kin ji ƙasar ta bushe ƙayau. Hasken safe ya fi mata.

Lafiyayyen ganyen da ya faɗi kuwa, ɗora shi kan ƙasa, zai yi saiwa.