Kai iyali Argungu ba lokacin bikin kamun kifi ba

Malam, ka tambaya ko akwai abin gani a Argungu in ba lokacin biki ba. Akwai mana. Daga Birnin Kebbi tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Ku fara da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki da aka gina a 1831. Makaman yaƙin Kabawa kaɗai sun isa su riƙe yara. Daga nan ku gangara Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifin. Ni na fi son wurin haka shiru, ba cunkoso. Ku fita da sassafe, zafin Kebbi ba wasa. Waƙoƙi da fina-finan yara kuwa ka sauke su a waya tun daga gida, intanet kan yanke a hanya.